Godiya ga waɗanda suka taimaka aka gyara mini jita

Bayan godiya ga Allah, ina miƙa godiyata ga duk waɗanda suka tsaya mini a lokacin da jitata ta lantarki ta samu matsala, ana dab da wasan da muka daɗe muna shiryawa. Maɗaukin sauti, wato ɗan abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar motsinsu zuwa amfilifaya, na kusa da wuyan jitar ne ya saki, ya karkace gefe guda, har ya zama idan na taɓa shi da yatsa sai ya nutse cikin raminsa, sautin tsirkiyoyi masu kauri kuma ya dusashe, ga wata ƙara da ke fita daga amfilifaya duk lokacin da na motsa.

Godiya ta farko ta mai gyara ce, dattijo mai haƙuri, wanda bai nemi in sayi sabon maɗauki ba, alhali da ya faɗa da na yarda. Jitar irin wadda aka kwaikwayi ƙirarta daga Stratocaster ce, wata shahararriyar jitar lantarki wadda ta fito a 1954, inda maɗauka uku suke rataye a jikin farantin roba da ke fuskar jitar, kowanne da sukuru biyu, kuma ɗan bututun roba ko sifirin da ke jikin sukurun ne yake riƙe shi cak. Da ya sassauta tsirkiyoyi ya ɗaga farantin, sai ga bututun ya bushe ya tsattsage saboda tsufa, yana marmashewa a hannunsa. Ya sa sabon sifirin a kowane gefe. Ramin sukuru guda da ya zaizaye kuma ya ɗiga masa gam kaɗan, ya bari ya bushe sarai, sannan ya mayar da sukurun a hankali har ya kama.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake riƙe maɗaukin da kaffa-kaffa, domin a cikinsa maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla sau dubbai, wayar da siririntarta ta kai ta gashin kai, kuma idan bakin sukundireba ya goge ta ta tsinke, aikin ya koma na sabon naɗi. Wajen daidaita tsawo ma bai yi kirdado ba. Ya danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan jitar, ya auna tazarar da ke tsakaninta da maɗaukin, ya bar kimanin milimita 2 a ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri da milimita 1.6 a ɓangaren sirara, daga nan ya ƙarasa da kunne. Ya bayyana mini cewa idan maɗaukin ya matso sama da yawa, maganaɗisun yana jan tsirkiya, sai sautin ya riƙa rawa yana mutuwa da wuri.

Ina kuma gode wa malamina, wanda ya hana a manne maɗaukin da gam a jikin farantin kamar yadda wasu suka ba da shawara. Niyyarsu mai kyau ce, na kuma gode musu, sai dai da an bi ta, da ba za a sake iya ɗaga shi ko sauke shi ba. Abokin aikina da ya ara mini tasa jitar don kada atisaye ya tsaya, da sauran 'yan ƙungiya da suka yi haƙuri da ni, Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. An yi wasan lafiya, jitar kuma ba ta ba ni matsala ba ko sau ɗaya.