Godiya ga mutanen ɗakin kara

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo maigidana, mawaƙi ɗan Maraɗi, daga asibiti, muna gida. Duk kun bi abin da ya faru tun daga hatsarin hanyar Daura, ba sai na sake tono shi ba, ƙarfin hakan ma babu. Wayarsa ce a hannuna, saƙonni sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan.

Daren da aka ce jini ake nema, irin nasa kuma mai wuyar samu ne, ina zaune a barandar asibiti ina lissafin wa zan kira. Danginsa na jini suna Maraɗi, dare ya raba, babu mai tsallako iyakar Ɗan Isa da Magama a wannan lokacin. Sai ga wani bawan Allah mai Keke Napep, ya ga cigiyar a WhatsApp. Bai taɓa haɗuwa da shi ba. Aka gwada, ya dace. Da ya fito na rasa abin faɗa, na kwance bakin zane zan ba shi ko na mai ne, ya ja da baya ya ce, "Haba Hajiya, da waƙarsa aka kai mini amarya." Ya tafi ko ruwa bai sha ba. Malam, in wannan ya iso gare ka, Allah Ya suturta ka duniya da lahira, Ya raya maka zuri'a, Ya tsare ka a kan titi, Ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Baba mai shayin wajen Ƙofar Ƙaura ya hana ni ambatonsa, amma ya yi haƙuri. A rumfarsa maigida ya fara kwana lokacin da ya shigo Katsina da jaka ɗaya da littafin baitocinsa, rabi Hausa rabi Faransanci. Shi ne kuma kullum da asuba yake aiko mana da fulas ɗin ruwan zafi. Abokan sana'arsa na situdiyo, makaɗa da 'yan amshi, sun raba kwana a tsakaninsu. Har waɗanda ya sha rubuta wa waƙa suka rera ba a sa sunansa ba, wasunsu sun zo, na kuwa gani. Masu tura waƙoƙi a waya na kasuwa sun yi karo-karo, masoyansa na Maraɗi da Damagaram sun haɗo sefa. Likitoci da ma'aikatan jinya, Allah Ya biya ku.

Wannan ba ita ce jarrabawarsa ta farko ba. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, bukukuwan can suka yanke masa har zuwa Maris 2024, ya koma kan keken ɗinki bai yi ƙorafi ba. Ya kan ce shi ba baƙo ba ne a nan, tunda sarkin garinsu ma Sarkin Katsina ake kiransa. Da wasa nake ɗaukar maganar, amma kun gaskata shi.

Su kuma na gida da tun farko suka ce na auri maroƙi, ɗan wata ƙasa, unguwarsu ba ta kai Maraɗi nisa ba. Inna, mahaifiyarsa, da ciwon gwiwarta ta shigo motar farko. Shi ke nan, Allah Ya bar zumunci.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafa, ko ya kira, ko ya tashi cikin dare ya sa mu a addu'a, kada Ka nuna masa irin wannan dare. Ka yaye masa damuwarsa, Ka jiƙan magabatansa, Ka ba marasa lafiyar da muka baro a can sauƙi.

Masu zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan La'asar, kuma likita ya hana shi doguwar magana saboda haƙarƙarin. Waɗanda suka ba da kafin alƙalami na waƙar biki, ƙaninsa zai kira ku cikin makon nan a daidaita.