Shiga Jirgin Ruwan Shaƙatawa da Abin Shanka: Dokar Giyar Inabi, Lemo da Ruwan Gora

Kamfanonin jiragen ruwan yawon shaƙatawa suna cin riba mai tsoka daga abin da fasinja ke kashewa bayan ya shiga jirgi, kuma abin sha yana sahun gaba. Shi ya sa a bakin ƙofar shiga babu kayan da ake sa wa ido kamar kwalba. Dokar da aka kafa saboda giya ta shafi ruwan gora da lemo, har da ruwan haɗa madarar jariri. Ko mutum bai taɓa kai giya bakinsa ba, ya kamata ya san wannan doka kafin ya ɗaure kaya.

Mu fara da ita giyar inabin, tunda daga kanta komai ya taso. Kamfanonin Carnival da Royal Caribbean suna barin kowane baligi ya shiga da kwalba ɗaya mai mililita 750, a rufe yadda ta fito daga masana'anta, kuma ranar da jirgi zai tashi kaɗai. A jiragen da ke tashi daga Amurka, baligi shi ne mai shekara 21. Royal Caribbean yana sauko da shi zuwa 18 idan daga Turai jirgin zai tashi. Norwegian Cruise Line bai ƙayyade yawan kwalabe ba, amma kowace sai an biya mata. MSC kuwa ba ya barin ko ɗaya. Giyar sha'ir da barasa mai ƙarfi ba sa cikin wannan rangwame a duk waɗannan kamfanoni, kuma Royal Caribbean ba ya karɓar giyar inabin da ke cikin kwali.

Sai kuɗin buɗe kwalba. A Carnival da Royal Caribbean dala 15 ne, kuma ana cajinsa ne idan an kai kwalbar ɗakin cin abinci ko mashaya. Wanda ya buɗe tasa a ɗakin kwanansa ba ya biyan ko sisi. A Norwegian ba haka ba ne: dala 15 ga mai mililita 750, dala 30 ga babba mai 1,500, ko a ina za a sha. A nan lissafin mutane da yawa yake karyewa, domin kwalbar dala 10 da aka saya a gari ta zama ta dala 25, ga kuma wahalar dako. Waɗannan farashi suna canzawa, don haka shafin kamfanin da ka sayi tikiti a wurinsa shi ne abin dogaro a makon tafiya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin da aka sa kayan. Jirgin sama da jirgin ruwa dokokinsu sun saɓa da juna. A jirgin sama galibi ba a shiga da kwalbar abin sha da ta wuce mililita 100 a jakar hannu, sai dai a akwatin da ake aunawa. A jirgin ruwa kuma a jakar hannu ake so a ga kwalba ko gwangwani. Babban akwati 'yan dako ne ke karɓarsa a bakin tasha, a bi da shi ta na'urar haska kaya, sannan a kai maka ƙofar ɗaki. Idan na'urar ta nuna siffar kwalba, akwatin ba zai iso ba. Takarda za ta zo ko a kira ka a waya, ka sauka can benen ƙasa ka bi layi ka buɗe shi a gaban jami'an tsaro, a daren farko, kana sanye da kayan da ka wuni da su. Royal Caribbean yana adana kwalaben da suka haura ƙa'ida ya mayar wa mai su a ƙarshen tafiya. Carnival zubarwa yake yi, kuma ba ya biyan diyya. Maganin abin mai sauƙi ne: a kwana a garin da jirgi zai tashi, misali Miami ko Basalona, a sayi abin sha a kantin garin, a sa shi a jakar hannu tun daga otal.

Ga mafi yawan masu karanta wannan, lemo da ruwa ne abin damuwa, kuma a nan bambancin kamfanoni ya fi yawa. Carnival ya hana shiga da duk wani lemo ko ruwa na gora tun 2015, saboda masu ɗura barasa a gorar ruwa, wanda ya sa jami'ai sai sun bi gora ɗaya bayan ɗaya suna girgizawa, layi yana tsawo. Abin da ya bari shi ne gwangwani ko kwali 12 ga kowane mutum, kowanne kada ya wuce kimanin mililita 355. Royal Caribbean yana karɓar gora da gwangwani da kwali, masu kimanin mililita 500, amma 12 ɗin na ɗaki ne gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba. Iyali huɗu a ɗaki ɗaya za su iya shiga Carnival da gwangwani 48, a Royal Caribbean kuwa 12 ne kawai. Norwegian ya rufe ƙofar shiga da lemo da ruwa baki ɗaya tun 2016, sai tataccen ruwa a rufe na haɗa madarar jariri ko na na'urar taimaka wa numfashi lokacin barci. Mai irin wannan buƙata ya sanar da kamfani tun kafin tafiya.

A kuma yi tunanin nauyi. Gora 12 masu rabin lita kilo shida ne, kuma galibi ba a buɗe ɗakunan kwana sai wajen ƙarfe ɗaya na rana. Wanda ya shiga da hantsi zai yi ta jan kayan nan tsakanin lifta da wurin abincin rana. Ƙaramar jaka mai taya ta fi leda ko katan da ake runguma, don katan yana yagewa da zarar gwangwanin sanyi ya jiƙa shi.

Akwai wani abin sha da ya faɗa tsakanin dokokin biyu, wato lemon inabi mai kumfa marar barasa, irin wanda ake buɗewa a bukukuwan aure a Najeriya. Kwalbarsa ta gilashi ce, girmanta da murfinta duk irin na giya. Jami'in da ke gaban na'ura siffa yake gani, kuma yana iya lissafa ta a matsayin kwalba ɗayan da aka yarje maka, ko ya ce lemon kwalba ne da kamfaninsa ya hana. Wanda zai yi bikin cikar shekarar aure a jirgi ya rubuta wa kamfanin imel, ya riƙe amsar a waya. Sannan a karanta takardar jikin kwalba da kyau. Ruwan inabin da aka cusa wa iska daban, giyar da aka tace barasarta daban, domin ta biyun tana iya ɗauke da barasar da ta kusa kashi 0.5 cikin ɗari kuma a rubuta mata marar barasa. Wanda ba ya son ko ɗigo ya nemi mai 0.0 ko ruwan inabi zalla.

Wani abu da ya kamata Musulmi ya shirya masa amsa tun daga gida: tunda kwalba ɗaya ce ga kowane baligi, abokin tafiya mai sha yakan roƙi wanda ba ya sha ya riƙe masa ta biyu a jakarsa. A dokar kamfani babu laifi. A addini kuwa hadisin da ya tsine wa giya ya ambaci mai ɗaukarta da wanda aka ɗauko dominsa. Gara a faɗi hakan cikin mutunci tun a otal da a tsaya jayayya a gaban jami'in tsaro. Haka nan idan za a raba ɗaki da mai sha, a sani cewa a Carnival da Royal Caribbean in mutum ɗaya ya sayi tsarin shan giya na tafiya gaba ɗaya, ana tilasta wa sauran baligai na ɗakin su saya. Wannan magana ce ta warwarewa da kamfani kafin a biya kuɗi.

A ganina yawancin dakon lemon nan bai zama dole ba. Ruwan famfon jirgi na sha ne, daga ruwan teku ake tace shi a cikin jirgin ko a ɗebo a tasha, kuma a wurin ɗibar abinci akwai ruwan sanyi, ruwan zafi, shayi da kofi kyauta. Gorar ruwa da babu komai a ciki tana wucewa ba tambaya. Zoɓo ko kunun aya da aka ɗura a gida ba zai wuce ba, don ba a rufe yake daga masana'anta ba, amma ganyen shayi da garin lemo na 'yan ƙananan leda ba su da matsala. Mai shan shayi ya bar butar lantarki a gida, domin ana ƙwace ta tare da dutsen guga saboda tsoron gobara. Filas ya wadatar: a cika shi da ruwan zafi da dare, a samu na asuba. Firjin ɗaki sanyinsa kaɗan ne, sai a roƙi mai gyaran ɗaki ya riƙa kawo ƙanƙara. Duk lemon da aka saya a jirgi kuma ana ɗora masa ladan ma'aikata na kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, a sa wannan cikin lissafi.

Giyar da aka saya a garuruwan da jirgi ya yada zango, ko a kantin cikin jirgi, karɓa ake yi a rubuta lambar ɗaki a jiki, sai ƙarshen tafiya a mayar. Wanda kuma ba ya son zama kusa da giya kwata-kwata yana da zaɓi tun Disamban 2024, lokacin da jirgin AROYA na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda: ba a sayar da giya a cikinsa, babu gidan caca, abincinsa halal ne, kuma akwai wurin salla.