Akwati mai kwaɗo uku da shugabancin matan Afirka

Shekara biyu na yi ina riƙe wa wata ƙungiyar mata littafin lissafi, domin a lokacin ni kaɗai ce a cikinsu nake iya rubutun boko da sauri. Mu ashirin da biyar ne, muna haɗuwa mako-mako bayan la'asar a tsakar gidan ɗaya daga cikinmu, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye akwatin ƙarfe a tsakiya. Akwatin yana da kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku daban-daban, mace ta huɗu kuma ita ce take kwana da shi a ɗakinta ba tare da ko mabuɗi ɗaya ba. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, ba a kuma rufe shi sai an ƙirga abin da ke ciki da babbar murya, an tambayi taro ko kowa ta ji, an amsa. Wadda ta makara ta biya tara, wadda take son rance ta miƙe ta faɗi sana'ar da za ta yi da shi da ranar da za ta mayar.

A cikinmu akwai wata baiwar Allah wadda a farkon zuwanta ba ta iya magana sai ta rufe bakinta da gefen mayafi, idan aka kira sunanta don ta yi zubi sai ta miƙa kuɗin ta hannun maƙwabciyarta. Kafin shekara ta zagayo ita aka ba mabuɗi na biyu, a shekara ta gaba kuma aka zaɓe ta shugaba. Na ga ranar da wata daga cikinmu ta kasa biyan rance saboda jinyar ɗanta ta cinye jarin, taro ya rabu biyu, wasu suna cewa doka doka ce, wasu suna cewa a yafe. Shugabar ta bari kowa ta amayar da abin da ke cikinta, sannan ta ce: "Yaya, bashi yana nan a kanki, ba za mu goge shi ba, domin kuɗin marayu da zawarawa ne a ciki. Amma za mu raba miki shi kashi shida, kuma kuɗin maganin yaron daga asusun taimako za a fitar." Babu wadda ta tashi da ƙorafi. Tun daga ranar nan na daina ɗaukar ƙungiyarmu a matsayin wurin tara kuɗi kawai, na gane cewa makaranta ce ta koyon shugabanci, kuma a irin waɗannan makarantu ne ya kamata duk mai son ganin matan Afirka a kan kujerun mulki ya fara zuba ƙarfinsa.

Wannan tsari na akwati yana da tarihi a ƙasar Hausa. A shekarar 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara gwada shi da matan karkara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, aka raɗa masa suna Mata Masu Dubara. An gina shi ne a kan adashen da mata suka gada kaka da kakanni, sai dai an ƙara masa rance, da rubutacciyar doka, da zaɓen shugabanni. Babu jarin da aka kawo daga waje, kuɗin matan ne suke juyawa a tsakaninsu. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka har ya tsallaka zuwa wasu nahiyoyi, miliyoyin mutane suna amfani da shi a yau. A Nijar ɗin kanta ƙungiyoyin sun haɗu sun zama tarayyoyi, kuma daga cikinsu aka samu matan da suka tsaya takarar kansila suka ci. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin macen da ta saba tsayawa gaban mutum ashirin da biyar tana ba da bayanin kowane kwabo ta riga ta koyi rabin aikin kansila.

Idan aka koma baya sosai, za a tarar cewa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta riga kowa gane wannan hanya. Ba ta tsaya ga koyar da matan da ke kusa da ita a Sakkwato ba. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali daga ƙauyuka ta naɗa su a matsayin jaji, wato jagorar ayari, ta ba kowace malfa da rawani a matsayin alamar muƙami, su kuma suka riƙa jagorantar ayarin 'yan mata da tsofaffi zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su koyar da matan aure da ba su samu fitowa ba. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Abin da ya fi jan hankalina a tsarin shi ne naɗin nan, domin ta ba matan ƙauye muƙamin da jama'a suke gani da idonsu, suke kuma girmamawa. Saboda haka duk lokacin da na ji ana cewa shugabancin mata baƙon abu ne da aka shigo mana da shi, malfar jaji nake tunawa.

A Kenya ma daga ƙasa abin ya taso. Wangari Maathai ta saurari matan karkara suna kukan ƙarancin itacen girki, da ƙafewar rafuka, da raguwar abinci, sai ta kafa ƙungiyar Green Belt a 1977, aka fara da dasa bishiyoyi bakwai kacal. Matan ƙauye ne suka riƙa renon irin a gandunansu, ana ba su ɗan ihisani a kan kowace bishiyar da ta rayu, wanda hakan ya sa dole su riƙa bibiya da lissafi. A wuraren renon nan ne suka fara tambayar wane ne yake sayar da dazuzzukan gwamnati, wane ne kuma yake mallake filayen jama'a. An dasa bishiyoyi miliyoyi masu yawa, Maathai ta shiga majalisar dokoki a 2002, sannan a 2004 ta zama mace ta farko daga Afirka da ta samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Labarin Laberiya kuwa ba na gajiya da maimaita shi. A 2003, yaƙin basasa ya ɗaiɗaita ƙasar, sai Leymah Gbowee da abokan aikinta suka haɗa matan Kirista da na Musulmi a ƙungiya ɗaya, suka sa fararen kaya, suka riƙa zama a wani fili kusa da kasuwar kifi a Monrobiya, rana ta dake su, ruwa ya dake su, suna addu'a suna neman a tsagaita wuta. Yawancinsu 'yan kasuwa ne da matan sansanonin gudun hijira. Da tattaunawar sulhu ta yi ta jan ƙafa a Akara, babban birnin Ghana, sai suka zauna a ƙofofin zauren suka hana wakilan ɓangarorin fita, kuma a watan Agusta na shekarar aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya. Waɗannan matan ne suka bi kasuwa-kasuwa suna jan 'yan uwansu su yi rajistar zaɓe, har Ellen Johnson Sirleaf ta ci zaɓen 2005, ta zama mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka. Ana yawan ambaton sunan Sirleaf, kuma ta cancanci haka, amma kafaɗun matan kasuwa ne suka ɗaga ta.

Yanzu bari in zo kan haɗin gwiwa, domin a nan ne nake da ƙorafi. Akwai shekarar da wata ƙungiya mai zaman kanta ta zo mana da shirin horar da mata shugabanci. Aka ɗauki mutum biyar daga cikinmu zuwa wani otal a birni, aka yi kwana uku ana jawabi da Turanci ana fassarawa sama-sama, aka raba takardun shaida da kuɗin mota, aka ɗauki hotuna. Bayan wata biyu aka kawo kekunan ɗinki goma, alhali babu wanda ya tambaye mu ko ɗinki muke so. Abin da muka shekara muna tattaunawa a kan tabarma shi ne injin niƙa, domin 'ya'yanmu mata suna ɓata safiyarsu wajen zuwa niƙa a wani gari, suna makara a makaranta. Kekunan suka haddasa rigima a kan wadda za a ba da wadda za a hana, wasu aka sayar, wasu suka yi tsatsa. Ba na zargin mutanen nan da mugun nufi, na tabbata alheri suka zo yi. Kuskurensu shi ne sun zo da amsa a aljihu kafin su ji tambaya, kuma shugabar da muka zaɓa da hannunmu ba su nemi ganinta ba sai a ranar rabon kaya.

Abokin haɗin gwiwa na gaskiya, a ganina, shi ne wanda zai zauna a kan tabarmar nan ya saurara, ya bar ragamar kuɗi da ta shawara a hannun matan, ya kawo abin da ba su da shi, kamar sanin doka, da hanyar shiga banki, da koyar da karatu da lissafi, da gabatar da su ga hukumomi, sannan ya yi haƙurin shekaru maimakon watanni. Wannan tunani ne ya sa wasu mata uku 'yan Afirka, Bisi Adeleye-Fayemi da Joana Foster da Hilda Tadria, suka kafa Asusun Raya Matan Afirka a shekarar 2000, mai hedikwata a Akara, domin kuɗin tallafi ya riƙa isa kai tsaye ga ƙungiyoyin mata, kuma matan nahiyar ne za su riƙa yanke shawarar inda zai tafi.

Sai dai ƙungiya komai ƙarfinta tana da iyaka idan ƙofar siyasa a rufe take, kuma a nan doka take shigowa. Yarjejeniyar Maputo da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2003 ta wajabta wa ƙasashe su tabbatar da shigar mata harkar mulki, amma kowace ƙasa da inda ta tsaya. Tsarin mulkin Ruwanda na 2003 ya ware wa mata aƙalla kashi 30 cikin ɗari na muƙaman yanke shawara, kuma a 2008 ta zama ƙasa ta farko a duniya da mata suka fi maza yawa a majalisar dokoki. Senegal ta yi dokar daidaito a 2010, wadda ta tilasta wa jam'iyyu jera sunayen 'yan takara namiji da mace bi da bi, sai ga mata 64 cikin 'yan majalisa 150 a zaɓen 2012. Nijar ta yi tata dokar kaso a shekarar 2000, adadin mata a majalisa ya tashi daga mace ɗaya zuwa 14 a zaɓen 2004, daga baya a 2019 aka ɗaga kason zuwa kashi 25. A Nijeriya kuwa, duk da manufar ƙasa ta 2006 da ta yi alkawarin kashi 35, Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a watan Maris na 2022, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. A majalisa ta goma, mata huɗu ne cikin sanatoci 109. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai idan na tuna irin ɗauri da dukan da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a zamanin jam'iyyar NEPU tana neman a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a.

Na yarda da masu cewa kaso kaɗai ba ya wadatarwa, domin ana iya cike gurbin da matan manya da 'ya'yansu, waɗanda ba su taɓa zama da matan ƙauye ba. Maganin wannan shi ne a samu mata da yawa da suka taso daga ƙungiyoyi, suna da jama'ar da za ta tsaya musu, ta kuma tuhume su idan sun kauce. Yawancin jam'iyyu suna da kujerar shugabar mata, amma aikin da aka fi ba ta shi ne tara mata ranar gangami da raba atamfa, idan aka zo zaɓen fitar da gwani kuma sai tsadar fom da taron tsakar dare su fitar da mace daga fili. Tarayyar ƙungiyoyin adashe tana iya haɗa wa 'yar takararta kuɗin fom, tana iya raka ta taro, tana kuma da ƙuri'un da babu ɗan siyasar da zai raina.

Akwai kuma abokan tafiyar da ake yawan mantawa da su, wato maza na cikin gida da na gari. Shugabarmu ba za ta kai inda ta kai ba da maigidanta bai amince ba, kuma bai amince ba sai da limamin unguwa ya yi masa magana, ya kuma ga da idonsa cewa kuɗin makarantar yara ya daina zama abin faɗa a gidan. Shirin da ya tsallake miji da malami da mai unguwa yakan jefa mace cikin rigimar da ita kaɗai za ta kwana da ita bayan baƙi sun tafi.

Injin niƙan nan dai mun saye shi da kuɗinmu bayan rabon kuɗin akwati na shekara ta uku, muka ɗauki wata bazawara daga cikinmu tana kula da shi ana biyanta. Da famfon unguwa ya lalace, shugabarmu ce ta jagoranci mata shida zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma da takardar koke mai ɗauke da sa hannu da dangwalen mutum fiye da ɗari, suka yi zuwa uku kafin a turo masu gyara. Ni kuwa na miƙa littafin lissafi ga 'yarta, wadda ta gama sakandare a shekarar, kuma har yanzu ita take karanta jimillar kuɗin akwati da babbar murya kafin a mayar da kwaɗo uku.