Godiya bayan sallamar Auta

Alhamdu lillahi, an sallame mu daga Yamai, mun iso Tawa lafiya. Ɗiyata Auta tana gida, har ta fara kai loma baki da hannun da ya ƙone. Waɗanda ban amsa kiransu ba su yi mini uzuri, gajiya ce, har yanzu barci bai dawo mini daidai ba.

Kun san yadda wutar ta kama mata zane, ba sai na maimaita ba. Wurin da ya yi fari a gwiwar hannunta, wanda ba ta jin zafinsa, shi muka ɗauka mai sauƙi. Ashe nan ne wutar ta cinye fata gaba ɗaya har da jijiyoyin jin zafi. Likita ya ce irin wannan ba ya toho da kansa, sai dashe. Aka kankare mataccen naman, aka yanko fata siririya daga cinyarta, aka huhhuda ta kamar raga don ta buɗe ta rufe wuri mai faɗi. A gwiwar kuwa jijiya ta fito fili, fata ba ta kamawa a kanta. Sai da aka yo odar wata shimfiɗa daga waje, wadda ake haɗawa da sinadarin jikin saniya, aka jira wajen mako 3 hanyoyin jini suka ratsa ta, sannan aka ɗora fatar a sama. Kuɗinta ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Kawu na Konni, ka hana ni faɗa, amma sai na faɗa: kai ka sayar da shanunka. Allah ya mayar maka da ninkinsu, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ranar da za a buɗe pansama na farko, wato ɗaurin ciwon, an riga an gaya mana idan fatar ba ta kama ba sai a koma bulok, ɗakin tiyata, a sake yankar cinya. Ita kuwa cinyar ce ta fi sa ta kuka. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa bakin ƙofa. Majo, babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin masu ƙuna, wadda ta kwana aiki, lokacin tashinta ya yi amma ta ƙi tafiya. Ta riƙe kan yarinyar tana yi mata hira da Zabarmanci da ƴar Hausarta, har aka gama. Ta leƙo ta ce, "Baban Auta, tashi, ta kama." Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifanki, ya raya miki zuri'a, ya tsare ki daga wutar duniya da ta lahira.

Samarin unguwarmu da suka bi mota har Yamai suka ba da jini, maƙwabciyarmu da ta riƙe sauran yara, matan da suka yi ta kawo ƙwai, madara da wake saboda likita ya ce da su ciwo ke cikewa, limaminmu da bai bar mu cikin addu'a ba: Allah ya biya ku da Aljanna. Akwai dangi a cikin Yamai da kuɗin taksi ɗaya ya raba mu, ba mu ga ƙeyarsu ba. Allah ya sa lafiya ce.

Da sauran aiki: motsa gwiwar kullum don kada tabon ya ɗaure ta, shafa man kaɗe, kiyaye rana, da komawa Yamai a duba. Masu zuwa gaisuwa, don Allah a wanke hannu, kuma kada a taɓa wurin. Ku sa waɗanda muka baro kwance a ɗakin cikin addu'a, akwai yara ƙanana a cikinsu.