Fanka mai ruwa ta cinye mini lefe a Legas

Duk wadda za a kai aure Legas, ko Fatakwal, ko wani gari na bakin teku, in an sa mata fanka mai ruwa a kayan ɗaki, ta bar wa ƙanwarta a gida. Ni tawa ta biyo ni har Agege, kuma har gobe in na tuna abin da ta jawo mini sai raina ya ɓaci.

A Kano na tashi, don haka ban zaci akwai garin da zai koya mini zafi ba. Watan Afrilu rana kan kai maki 40, ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da azahar, ruwan tanki sai ya huce kafin a yi alwala. Amma muna da dabarunmu, kuma kusan duk da ruwa ake yin su. A yayyafa wa tsakar gida ruwa da yamma, a jiƙa zani a lulluɓa, a sha ruwan randa, a kwana a waje. Fankar nan ita ce gaba da su duka: ki cika mata tanki, ki jefa ƙanƙara in kin samu, iska ta ratsa jiƙaƙƙen soson da ke bayanta ta fito da sanyi. A gidanmu har rigima ake a kan wanda zai kwanta a gabanta.

Na sauka Legas a watan Fabrairu, waya tana nuna maki 32, na ce ai wannan wasa ne. Ashe zafin nan ba ya cizo, manne wa mutum yake. Ki fito daga wanka, kafin ki gama shafa mai gumi ya sake wanke ki, kuma ba zai bushe ba. Dare ma haka. Sai na riƙa kunna fankata dare da rana, taga a rufe saboda sauro da ƙarar janareta. Ɗaki bai yi sanyi ba, sai dai zanin gado ya riƙa danshi, wuyana da bayana suka feso da ƙurajen zafi.

Bayan damina ta sauka aka yi wani biki, na jawo akwatunan lefe daga ƙarƙashin gado. Warin ne ya fara tarar da ni. Takalma da jakunkunan fata sun yi fumfuna, fari-fari da kore-kore, kamar an barbaɗa musu gari. Farin leshina, wanda ko ɗinki ban kai ba, ya yi baƙaƙen ɗigo-ɗigo tun daga ninkin farko har na ƙarshe. Shaddodin maigida masu sitaci su suka fi shan wuya. A madafa garin kuka ya dunƙule, kilishin da aka aiko mana ya yi laushi ya tsiro gashi.

Wata Hajiya maƙwabciyarmu, haifaffiyar nan Agege, ta leƙo ta ga na baza kaya a ƙasa, ta dubi fankar ta ce, "Amarya, iskar garin nan ta ƙoshi da ruwa, ke kuma kina ƙara mata."

Maganar ke nan. Ruwa ba ya sanyaya komai sai yana bushewa, don a bushewar ne yake tafiya da zafin. A Kano cikin bazara laimar iska kan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa gumi ke bushewa tun ba a gan shi ba, randa ke sanyi, jiƙaƙƙen zani ke aiki. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, wani malami ɗan Najeriya, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya a karkara, har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. A Legas kuwa laima kan haura kashi 80, musamman da safe da lokacin damina. Ina ruwan zai tafi? Duk tankin da na cika wa fankar nan, a cikin katifata da akwatunana ya ƙare. Mai shagon da ya sayar wa mahaifina ya san inda za a kai ni, amma bai ce uffan ba.

Yanzu iska nake nema, ba ruwa ba. Taga biyu masu fuskantar juna a buɗe, da ragar sauro, fankar sama da ta tsaye suna ta aiki. Da la'asar iska kan taso daga teku, lokacin nake buɗe ko'ina. Shadda mai sitaci da duk wani yadi mai roba sai ranar fita. A gida atamfar auduga da ta sha wanki ta fi. Man shafawa mai maiƙo na ajiye shi, shi ke toshe fata ya kawo ƙuraje. Wadda take da AC ta duba rimot, akwai alama mai siffar ɗigon ruwa. In kin danna ta, AC ɗin tsotse laima yake yi, kuma ruwan da ke zuba ta bututun waje daga iskar ɗakinki ya fito. Ni da na ga bokitin da ya cika a dare ɗaya sai da na zauna.

Akwati kuma kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ki ɗora a kan katako, ki ƙulla gawayi a tsumma ki jefa a ciki, duk ranar da aka samu rana mai kyau ki fito da kayan fata su sha. Kada ki ninke tufafin da bai bushe ƙayau ba, ko da guga za ki ƙarasa shi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne komawa gida da bazara. Jikina ya saba da ganin gumi kafin ya nemi ruwa, a Kano kuwa babu gumin gani. Sai ciwon kai, leɓe ya tsage, har haɓo na yi. Can dole ki sha ruwa ko ba kya jin ƙishi. Fankar tana ɗakin Umma yanzu, tana aiki lafiya lau daga Maris zuwa Mayu, in Agusta ya zo da ruwa su ma sai su ture ta gefe. Leshin kuwa na jiƙa shi da lemon tsami da gishiri, na shanya, na kai wa mai wanki, ɗigon nan ko gezau. Kuɗinsa a yau ya ninka na fankar.