Yadda muka samu ma'aikata daga jami'a da kuɗin gwamnatin Amurka

Ƙungiyarmu ƙarama ce, a unguwar Bronx ta birnin New York, inda 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa: mutanen zango daga Ghana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, ga na Gini da Mali. Aikinmu shi ne tara yaran unguwa bayan an tashi makaranta, a taya su aikin gida da karatun Turanci. Kuɗin ɗaukar malamai kuwa ba mu da shi. Abin da ya fitar da mu kunya shi ne wani tsari na gwamnatin tarayya mai suna Federal Work-Study, wanda aka kafa a 1964 cikin dokokin yaƙi da talauci na zamanin Shugaba Lyndon Johnson, daga baya aka mayar da shi ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi ta 1965.

Gwamnati kan ba jami'o'i kuɗin, jami'a ta ware wa ɗalibin da ya cike takardar neman tallafi ta FAFSA aka ga yana da buƙata. Ba a miƙa masa kuɗin a hannu, sai ya yi aiki. A ƙa'ida gwamnati kan ɗauki har kashi 75 cikin 100 na ladansa, wanda ya ɗauke shi aiki ya cika sauran. Idan ana biyan dala 16 a awa, dala 4 ce tamu. Akwai ma inda ba mu biyan ko sisi, domin tun 1997 aka yarda gwamnati ta ɗauki ladan gaba ɗaya ga ɗalibin da ke koya wa ƙananan yara karatu. Sannan doka ta wajabta wa kowace jami'a kashe aƙalla kashi 7 na kuɗin a hidimar al'umma, shi ya sa da na je ofishin tallafin ɗalibai ban tarar da ƙofa a rufe ba. Su ma neman irinmu suke yi. Takardar shaidar cewa mu ba masu neman riba ba ne suka nema, da bayanin aikin a rubuce, sai muka sa hannu a yarjejeniya.

Arhar ita ke ruɗin mutane. Kuɗin da aka ware wa ɗalibi yana da iyaka. A ce dala 3,000 ne na shekara: a dala 16, awa 187 ke nan da ɗoriya, kuma mai yin awa 10 a mako bai kai mako 19 ba zai cinye. Daga ranar da ya ƙare, duk awar da ya ƙara a wuyanmu take ɗungurungum. Saboda haka a bangon ofishina akwai allo, sunan kowane ɗalibi da ragowar awanninsa, duk ranar Juma'a ina gogewa in sake rubutawa kafin in sa hannu a takardar awanni. Mai zafin nama da ke son ƙarin aiki a Oktoba nakan ce masa, "Ɗan'uwa, bi a sannu, yaran nan suna nan har Mayu."

Kalandar jami'a kuma ba ta san da tamu ba. Makon jarrabawa sai ɗakin ya koma ni da yara talatin, kowa na miƙo littafi. Hutun Disamba haka. Ba na ganin laifinsu, karatu ya kawo su, amma duk aikin da ba ya jure rashin mutum na mako biyu na daina ɗora shi a kan ɗalibi. Dokar ma ta hana a sallami ma'aikaci don a maye gurbinsa da su.

Abu biyu sun fi ba dattawanmu mamaki. Na farko, ɗalibin da ya zo daga Kano ko Yamai da bizar karatu ba ya cikin tsarin, sai ɗan ƙasa, ko mai katin zama na dindindin, ko wanda aka ba mafaka. Iyaye sun sha kawo mini 'ya'yan 'yan'uwansu, in ba su haƙuri. Na biyu, ba a biyan ɗalibi da wannan kuɗi don kula da wurin ibada ko wurin koyar da addini, haka nan aikin siyasar jam'iyya. Da yake yawancin yaranmu daga wurinmu suke wucewa Islamiyya, sai muka raba ɗaki, muka raba lokaci. Wani Alhaji a kwamitinmu ya ce, "Malam, duk ba ilimi ba ne?" Na ce ilimi ne, Alhaji, amma mai kuɗin ya gindaya sharaɗi, mun kuma sa hannu.

Waɗanda suka fi daɗewa tare da mu su ne waɗanda na ba kowannensu yara huɗu ko biyar nasa na kansa, ya san sunayensu, ya san wanda ke tuntuɓe a haɗa baƙi. Waɗanda aka ajiye a kan tebur suna jiran waya ta yi ƙara, zango ɗaya suke yi su nemi aiki a laburaren jami'a, inda ladan ɗaya ne kuma babu hawa jirgin ƙasa.