Abin da bakin diril ke yi wa faiba

A Kaduna yanzu faiba ta shiga ko'ina: tankunan ruwa masu falle-falle da ake haɗawa da noti, kwanon rufi mai shigo da haske, bamban mota da ake facinsa a Panteka. Duk waɗannan sai an huda su kafin a ɗaura, kuma galibin tsagewar da ake gani daga baya daga bakin huda take farawa.

Faiba zaren gilashi ne ko na kabon da aka shimfiɗa hawa-hawa, aka jiƙa da rezin, wato wani ruwan roba mai danƙo, ya daskare. Zaren ne ke ɗaukar nauyi, rezin aikinsa riƙe su wuri guda. To idan ka huda, zaruruwan da ka yanke sun fita daga aiki, nauyinsu ya koma kan na gefen ramin. Ko a farantin ƙarfe, nauyin da ke taruwa a gefen rami zagayayye ya ninka na sauran jikin sau 3. Ƙarfe yana ɗan lanƙwasa ya raba wannan nauyi. Faiba ba ta da wannan haƙurin, kuma idan zarenta duk sun kalli gefe guda, ninkin ya wuce haka.

Babbar ɓarnar ita ce rabuwar shimfiɗa. Wurin shiga, murɗin bakin diril yana ɗago hawan sama kamar ana ɓare albasa. Wurin fita ya fi muni. Tsakiyar tsinin ba ya yanka, turawa yake yi. Da ya rage hawa ɗaya ko biyu a ƙasa, ba su da kaurin da za su jure turin, sai su ɓamɓare daga 'yan uwansu kafin a yanke su. Ta gaba ramin tsaf, ta baya fari fat da geza, a ciki kuma akwai rata da ido ba ya gani. Ƙwanƙwasa gefen da tsabar kuɗi: wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, wanda ya rabu sautinsa a dushe. A faibar gilashi, haska tocila ta baya, za ka ga farin zobe kewaye da ramin.

Maganinsa ba tsada. Matse falankin katako a bayan wurin da kilam, ya manne sosai, ka huda har cikinsa. Liƙa salatif a fuskar shiga. Fara da ƙaramin baki na milimita 3, sannan ka faɗaɗa, domin ramin farko ya ɗauke wa tsinin aikin turi. Bari injin ya juya da sauri amma hannunka ya yi sauƙi, kuma ka ƙara sassautawa daf da fita. A ganina wannan sassautawar ta fi kowane mataki muhimmanci, ita ce kuma aka fi yi wa sakaci idan aiki ya yi yawa.

Gilashi yana cin bakin ƙarfe na gama-gari da wuri. Baki dakusasshe yana ƙara turi, yana kuma haifar da zafi, ga faiba ba ta fitar da zafi kamar ƙarfe. Rezin ya yi laushi, ya ƙone, zaren ya fizgo maimakon ya yanke. Da ka ji ƙauri ko ka ga gefen ramin ya yi ja-ja, tsaya. Idan ramukan da yawa, bakin diril na kabaid, wato wanda ya fi na gama-gari tauri sosai, ya biya kuɗinsa.

Wurin ramin ma lissafi ne. Daga tsakiyarsa zuwa gefen falle a bar aƙalla faɗin ramin sau 3, tsakanin rami da rami sau 4 zuwa 5. Wato bol na milimita 8 yana son milimita 24 daga gefe. Sa washa mai faɗi ta fuska biyu, kada kan noti ya nutse ya murƙushe hawan sama.

Sannan a shafa rezin a cikin ramin kafin a ɗaura. Zaren da aka bari tsirara yana jan ruwa kamar lagwani, kuma damina guda ta isa ta fara buɗa ratar. Faibar kabon kuwa, kada ta haɗu da alminiyom kai tsaye a wuri mai laima, alminiyom ɗin ne zai zaizaye. Ƙurar hudar tana ƙaiƙayi, tana cutar da huhu: a sa takunkumi da tabarau, a share da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki.